Amsa ga mai jirgin fiba a Apapa kan shan mai da zaman lodi

Tambayar ta fito ne daga wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi a Apapa da ke Legas, wanda yake da ƙaramin jirgin ruwa na fiba mai tsawon ƙafa 19 da injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake gauraya masa fetur da man inji. Da shi yake kai shinkafa da gari da ledojin ruwa daga jetin Liverpool zuwa ƙauyukan tsallake irin su Sagbokoji da Igbologun, wani lokaci har Ibeshe da Ilashe. Ya ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin fetur ke cinye ribar, kuma idan an yi wa jirgin lodi sai ya ɗaga goshi sama, bayansa ya nutse, direba ya murɗa totur har ƙarshe amma tafiyar ba ta sauri. Wasu sun ba shi shawarar ya ɗaura fiffike, wato wani shimfiɗaɗɗen faranti mai taimaka wa bayan jirgi ya ɗago, a ƙafar injin, wasu kuma sun ce ya sayar da shi ya sayi mai doki 60, shi ne yake son ya san wacce zai bi.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. A ganina kada ka fitar da kuɗi a kan ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu tukuna, domin abin da ka kwatanta ba ciwon inji ba ne, yanayin zaman jirgin ne a kan ruwa, kuma yawancin maganinsa yana hannun masu yin lodi da direba.

Jirgi irin naka yana da tafiya iri uku. Ta farko ita ce tafiyar sannu, inda jirgin yake zaune cikin ruwa yana tsaga shi, kuma iyakar gudun wannan tafiya tsawon jirgin ne ke yanke ta, ba ƙarfin inji ba. Jirgi mai ƙafa 19, wanda abin da ke taɓa ruwa a jikinsa bai wuce ƙafa 17 ba, iyakarsa a nan kusan kilomita 10 ne a awa. Ta uku ita ce lokacin da jirgin ya yi gudun da ya isa ruwa ya ɗaga shi, ya hau sama yana sulɓi, goshinsa ya sauko, rabin cikinsa na baya kawai ke taɓa ruwa. Tsakanin waɗannan biyu akwai ta biyu, wadda ita ce masifar: jirgin ya wuce gudun sannu amma bai hau ruwa ba, yana ƙoƙarin hawa igiyar da shi da kansa ya tayar a gabansa, bayansa kuma ya faɗa cikin ramin da ya haƙa. A nan ne goshi ke kallon sama, direba ya daina ganin gabansa sai ya miƙe tsaye, igiya mai girma na bin jirgin a baya, injin yana gurnani mai nauyi. Duk igiyar da ka gani tana bin ku tana dukan gaɓa, da fetur ɗinka aka tayar da ita. Jirginka a wannan tsaka-tsakin yake wuni.

Domin a ga girman asarar, sai a daina lissafin lita nawa inji ke sha a awa, a koma lissafin lita nawa yake sha a kowace kilomita. Inji irin naka, idan an buɗe masa totur gaba ɗaya, yana shan kusan lita 20 a awa, kuma bai damu ba ko jirgin yana gudu ko yana jan ciki. Bari in kawo misali da alƙaluman da na zaɓa don kwatance kawai, tun da kowane jirgi da nasa. A ce jirgin ba kaya, an buɗe totur duka, yana yin kilomita 40 a awa: rabin lita ke nan a kowace kilomita. A ce an sassauta totur kaɗan bayan ya hau ruwa, yana yin kilomita 30 a awa da lita 12: ya koma lita 0.4 a kilomita. A ce kuma an danƙara masa kaya, totur a ƙarshe, yana shan lita 18 amma kilomita 15 kawai yake yi a awa: lita 1.2 ke nan a kilomita, ninki uku na wancan. Wannan lodin dai, da direba zai haƙura ya tafi a kilomita 9 a awa da lita 4, bai kai rabin lita a kilomita ba. Bambancin da ke tsakanin kilomita 9 da kilomita 15 a awa, a tafiyar da ba ta wuce kilomita 5 ba, mintoci goma sha uku ne, kuma waɗannan mintocin ne kake saya da kusan lita huɗu a kowane zuwa.

Sai a tambaya, nawa ne nauyin da doki 40 zai iya ɗagawa ya hau ruwa? Ƙiyasin da masu harkar ƙananan jirage suka saba amfani da shi shi ne kowane doki ɗaya ya ɗauki tsakanin kilo 11 zuwa 18, wato ga inji irin naka jimillar nauyi kada ta wuce kilo 700 da 'yan kai, har da jirgin kansa. Jirgi siriri mai tsawo yakan ɗan zarce haka, mai faɗi da nauyi kuma yakan gaza. Yanzu mu ƙirga. A ce gangar jikin jirgin kilo 300 ce. Injin ya haura kilo 70 kaɗan. Litar fetur kusan giram 740 ce, don haka jarka biyu masu lita 25 da tankinsu sun kai kilo 40. Direba da yaronsa, a ce kilo 140. Mun riga mun kai 550 ba a ɗora ko mudu ɗaya ba. Abin da ya rage bai wuce buhu uku ko huɗu na shinkafa masu kilo 50 ba. Ledar ruwa ɗaya mai ƙulli 20 kilo 10 ce, kuma mutane suna raina ta saboda ba ta da girma, amma guda talatin sun yi daidai da buhu shida. Idan kana ɗora buhu takwas ko goma, babu fiffike ko gyaran da zai sa wannan jirgi ya hau ruwa, kuma duk murɗa totur da direba ke yi ƙona kuɗi ne.

Saboda haka tun daga jeti ya kamata a yanke hukuncin irin tafiyar da za a yi. Ranar lodi mai nauyi, tafiyar sannu ce daga farko har ƙarshe: a ƙara totur har zuwa inda goshi zai fara ɗagawa, sannan a rage kaɗan a tsaya a nan. Ranar kaya mara nauyi, ko dawowa ba kaya, a buɗe totur da azama jirgin ya haye cikin daƙiƙoƙi kaɗan, da zarar goshi ya sauko sai a rage a hankali har zuwa mafi ƙarancin gudun da zai riƙe shi a sama ba tare da baya ya sake nutsewa ba, a ɗan ƙara kaɗan a kai. Ga yawancin injuna irin naka wannan wuri yana kusa da juyi 4,000 a minti, kusan kashi uku bisa huɗu na totur. Kuma tun da kai ɗan kasuwa ne, ma'aunin da ya fi dacewa da kai shi ne lita nawa aka ƙona a kan kowane buhu da ya isa hannun mai saye. Da wannan ma'auni, zuwa ɗaya a hankali da buhu takwas ya fi zuwa biyu da gudu da buhu huɗu-huɗu nesa ba kusa ba.

Sai dai akwai iyaka da ba a tsallakewa, kuma dole in faɗe ta a nan kafin a ɗauki maganata a matsayin izinin danƙara kaya. Hanyarka ta ratsa gaban tashoshin Apapa da Tin Can, inda manyan jirage da jiragen ja da bajojin kwantena ke wucewa, kuma igiyarsu ba ta tambayar abin da ka ɗauko. Jirgin da bakinsa ya kusa shafar ruwa, igiya ɗaya ta shigo ta goshi ko ta allon baya, inda ake rataye inji, ta isa. Idan jirgin yana da farantin da kamfani ya rubuta iyakar nauyi da ƙarfin inji, shi ne hukunci. Rigar kariya kuma wajibi ce a kan kowa a ruwan Legas, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar (LASWA) da ta tarayya (NIWA) suna kama wanda bai sa ba, nauyinta kuwa ba abin da za a yi tsimi a kansa ba ne.

Yanzu ga batun inda ake ajiye kayan, wanda shi ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa. Dubi abin da ya taru a mita ɗaya ta ƙarshen jirginka: injin, direba da ke riƙe da hannun inji, tankin mai a gefen ƙafarsa, jarkar ajiya, sau da yawa har yaron jirgi ya zo ya zauna kusa da shi suna hira. Wannan ya kai kilo 250 a wuri ɗaya, a ƙarshen da dama shi ne ke nutsewa. Masu lodi kuma sukan fara jera buhuna daga baya saboda nan ne ya fi faɗi. Duk mai turin amalanke a kasuwar Mile 12 ya san cewa kaya a kan taya ake ɗora su, idan suka yi baya hannu ya tashi sama, idan suka yi gaba kafaɗa ta sha wuya. Jirgi ma yana da wurin da yake ɗaukar nauyi, kuma a jirgi mai sulɓi wannan wuri yana kusan kashi ɗaya bisa uku zuwa biyu bisa biyar na tsawonsa idan an auno daga baya. Tun da inji da direba sun riga sun rinjayar da baya kuma ba za su matsa ba, kayan ne za su rama, wato mafi nauyinsu ya zauna a tsakiyar jirgin, ba a baya ba kuma ba a goshi ba.

Abin da ke aiki a nan nauyi ne a ninka shi da nisan da aka matsar da shi. Tankin kilo 20 da aka kai gaba mita biyu daidai yake da buhun kilo 40 da aka matsar mita ɗaya. Yaro mai kilo 60 da ya tashi daga gefen direba ya koma gaba da mita uku ya fi su duka biyun tasiri, kuma ba a biyan ko kwabo a kansa. Wannan ne ma gwaji mafi sauƙi: da matsakaicin kaya, direba ya buɗe totur, yaron ya taka a sunkuye zuwa gaba yana riƙe da gefe. Idan jirgin ya kwantar da goshi ya haye nan take, ka san cewa ƙarfin inji ya isa, zaman kaya ne bai yi ba. Daga nan sai a matsar da tanki da jarkoki zuwa ƙarƙashin benci na tsakiya, a ɗaure su kada su yi yawo, a sa musu inuwa, a bar ƙofar iskar tanki a buɗe. Idan za a ƙara tsawon tiyon mai, a sayi tiyon fetur na ainihi mai faɗi ɗaya da na asali, a guji yawan haɗi, domin kowane haɗi ƙofa ce ta shigar iska, kuma kibiyar da ke jikin famfon roba ta kalli inji. Wasu direbobi suna ƙara wa hannun inji bututu domin su zauna gaba kaɗan, kuma yana taimakawa, da sharaɗin igiyar kashe inji ta isa har wuyan hannunsu.

Kada kuma a zarce. Jirgin da goshinsa ya yi nauyi yakan tsaga ruwa da hancinsa, yana watso ruwa ciki, cikinsa duka a jiƙe yana jan ruwa, wanda shi ma cin mai ne. Mafi muni shi ne yakan ƙwace wa direba, musamman idan igiya ta biyo shi ta baya, sai hancin ya nutse jirgin ya juya gefe ba shiri. Goshi wurin kaya masu girma ne marasa nauyi, kamar katan-katan na taliya da biskit da burodi, tare da anka da igiyarta.

Hagu da dama ma a duba tun jirgin yana tsaye a jeti. Mutum ya koma nesa kaɗan ya kalle shi ta baya, idan ya karkata a gyara kafin a tashi, domin jirgin da ya karkata direba zai riƙa danne hannun inji gefe ɗaya don ya miƙe, injin da ke tafiya a karkace kuwa birki ne. Buhuna a shimfiɗa su ƙasa-ƙasa maimakon a tara su sama a wuri ɗaya. Ruwan da ke kwance a cikin jirgi kuma a kwashe shi tas, saboda kowace lita kilo ɗaya ce, kuma ba ya zama wuri guda: da an tashi sai ya gangara baya inda ba a son sa, da an karya kwana sai ya bi gefen da jirgin ya karkata. Akwai wanda ba a gani ma. Jiragen fiba da yawa suna da daɓe biyu, tsakaninsu fili ne ko soso, kuma idan ya tsage ruwa yakan shiga ya zauna shekara da shekaru. Idan ka ga jirginka ba kaya amma ya fi takwarorinsa nutsewa, ko kuma mutanen da suka saba jan sa kan yashi sun fara cewa ya yi nauyi, a fito da shi, a ɗaga goshinsa, a buɗe toshiyar baya a ga abin da zai fito.

Bayan kaya sun zauna daidai ne ake taɓa kusurwar inji. A maƙalar injin akwai ramuka a jere da sandar ƙarfe da ke ratsa ɗaya daga cikinsu, ita ce ƙafar injin ke jingina a kai. Idan sandar tana ramin da ya fi kusa da allon baya, farfela tana tura bayan jirgi sama, goshi ya sauko, jirgin ya hau ruwa da wuri. Idan tana nesa, goshi ya tashi. Ga jirgin da ke ɗaga kai kamar naka, a fara da rami na kusa, a gwada, sannan a matsa rami ɗaya waje a sake gwadawa da kaya iri ɗaya. Ramin da ya ba da gudu mafi yawa a totur ɗaya shi ne naka. Alamar an yi waje da yawa ita ce goshi ya riƙa tashi yana faɗuwa ko da ruwa a kwance yake, alamar an yi ciki da yawa kuma ita ce feshin ruwa ya riƙa fitowa daga can gaba, hannun inji ya yi tauri. Ba laifi ba ne ramin zuwa da kaya ya bambanta da na dawowa, sauya shi aikin minti ɗaya ne.

Tsayin da aka rataye injin shi ma a auna shi sau ɗaya a huta. A saman farfela akwai faranti shimfiɗaɗɗe. Idan aka fito da jirgin aka ɗora miƙaƙƙen katako a ƙasan cikinsa ya leƙo baya, farantin nan ya kamata ya yi daidai da katakon, ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce inci ɗaya ba. Ana yin injuna da ƙafa mai inci 15 da 20 da 25, kuma a kasuwar injunan hannu mutum yakan sayi wanda ya samu, sai a ga inji mai doguwar ƙafa a kan gajeren allo, inci biyar na ƙarfe suna jan ruwa a banza suna kuma ƙara ɗaga goshi. Maganinsa a ƙara wa allon tsayi da aiki mai ƙarfi na katako da fiba, ba a cusa guntun itace a ƙarƙashin maƙala ba.

Farfela ita ce giyar jirgi, kuma guda ɗaya ce tak, don haka dole ta dace da aikin. A jikinta akwai lambobi biyu, misali 11 1/8 x 13, wadda aka saba gani a injunan Yamaha masu doki 40. Ta farko faɗinta ne, ta biyu kuma takunta, wato inci nawa za ta ci gaba a juyi ɗaya da ruwa ba ya zamewa. Kamfanin ya tsara injinka ya yi juyi tsakanin 4,500 da 5,500 a minti idan an buɗe totur duka, kuma wannan ne ma'aunin: da kayan da ka saba ɗauka a ranar gudu, idan bai kai 4,500 ba, takun ya yi masa yawa, yana shan mai yana tara baƙi a ciki yana gajiyar da kansa. Rage inci ɗaya na taku yakan ƙara juyi 150 zuwa 200. Mai jigilar kaya irinka ya fi dacewa da taku 11 ko 12 a kan 13, ko da zai rasa ɗan gudu a dawowa, sai dai direba ya kula kada ya wuce 5,500 in ba kaya. Don sanin juyin ana sayar da ƙaramin agogo mai waya da ake naɗawa a wayar fulogi, a saita shi a kan injin da ke tartsatsi sau ɗaya a kowane juyi. Da shi da manhajar auna gudu ta wayar hannu za ka iya gane lafiyar farfelar: giyar injinka tana rage juyi biyu zuwa ɗaya, don haka a juyi 5,000 farfela mai taku 13 tana da iyakar kusan kilomita 49 a awa. Jirgi mara kaya da ya hau ruwa sosai yakan rasa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na wannan. Idan abin da ya rasa ya ninka haka, ko dai fukafukan sun lanƙwashe sun cinye, ko robar tsakiyar farfelar ta fara sulluɓewa. Farfelar alminiyom da ta sha dukan itace da yashi har bakinta ya zama kamar zarto, sabuwa ta fi gyaranta riba.

Ruwan Legas kuma yana da nasa. Leda da tsumma da guntun raga suna naɗe farfela ko su toshe ƙofar shan ruwan inji, kuma direba yakan ji gudu ya ragu sai ya ƙara totur maimakon ya tsaya ya ɗaga ƙafar inji ya duba. Daga ƙarshen damina, lokacin da ruwan sama ya rage gishirin tafkin, kainuwa takan rufe hanyoyi, kuma kutsawa cikinta da ƙarfi ya fi zagaye ta tsada. Jirgin da ke kwana a ruwa cikinsa yakan yi gansakuka cikin 'yan makonni, daga baya ƙananan halittun nan masu ɓawo su manne, kuma cikin jirgi mai kaushi shi kaɗai yana iya hana shi hawa ruwa. A riƙa jan sa kan yashi ana kankarewa da abin da ba zai ƙarce fiba ba, a shafa hannu a ji ya yi sumul, musamman rabin baya, wanda shi ne ke taɓa ruwa a lokacin gudu.

Game da injin kansa ba zan tsawaita ba, tun da bakanikenka ya sani. Gaurayen da aka saba shi ne 50 da 1, wato rabin litar man inji a jarkar lita 25, da man da aka yi don injin ruwa mai alamar TC-W3, a auna da kwalba mai layi, ba da ido ba. Ƙara man inji fiye da haka yana kashe fulogi, rage shi don tsimi kuma yana kashe injin ɗungurungum. Tafiyar sannu mai tsawo tana sa fulogi ya yi baƙi a irin wannan inji, don haka gudun dawowa yana da amfani wajen ƙone dattin, a kuma ajiye fulogi biyu na ko-ta-kwana. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai shi ne ɗabi'ar cire abin da ke daidaita zafin inji a jefar, da sunan wai ƙasarmu da zafi. Injin da aka cire wa shi yana aiki da sanyi fiye da kima, bai ƙone fetur sosai, shan mansa kuma yana ƙaruwa. Fetur ɗin da ake saye a jarka a bakin ruwa kuwa a tace shi, a sa matatar da ke raba ruwa da mai a kan tiyo.

Lokacin tashi ma kuɗi ne. Ruwan teku yana cikowa sau biyu yana janyewa sau biyu a kusan kowace rana, lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kullum, kuma jan ruwan ya fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da na tsakiyarsa. Ga jirgi mai gudun kilomita 30 wannan ƙaramin abu ne, amma ga mai tafiyar kilomita 9, ruwan da ke ja da kilomita 2 a awa yana mayar da tafiyar 11 idan ka bi shi, 7 idan ka tare shi, da mai iri ɗaya a awa. Saboda haka ranar lodi mai nauyi a tambayi masunta ko a duba jadawalin cikowar ruwa, a tashi lokacin da ruwan ke tafiya inda za a nufa. Safiya ta fi la'asar, domin iskar teku takan tashi da rana ta tayar da ruwa, musamman da damina. A kuma bi hanya mai zurfi ko da ta ɗan fi tsawo, saboda a ruwa mai zurfin mita biyu jirgi yakan gamu da turjiya mafi tsanani a kusan kilomita 16 a awa, daidai gudun da jirginka ke maƙalewa. Man da za a ɗauka a kasa shi uku: kashi ɗaya zuwa, ɗaya dawowa, ɗaya ajiya, abin da ya wuce haka nauyi ne kawai.

Duk waɗannan sai an auna za a san wanne ya yi aiki. A cika tanki zuwa wata alama, a je a dawo a hanya ɗaya don jan ruwa ya rama kansa, a sake cikawa da kwalbar lita ana ƙirgawa, a raba da kilomitar da waya ta nuna, a rubuta a littafin shago tare da yawan buhunan ranar. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji. Wannan littafi zai kuma raba gardama tsakaninka da direba, domin direbobi da yawa suna jin kunyar a wuce su a ruwa, kuma idan an ba shi wani kaso na man da ya rage a mako, shi da kansa zai riƙa gyara zaman buhuna.

Sai mu dawo kan shawarwarin da aka ba ka. Fiffiken da ake ɗaurawa a farantin inji yana aiki, amma aikinsa ƙayyadadde ne: yana ɗaga baya, yana sa jirgin da ke dab da hawa ruwa ya hau da wuri ya kuma zauna a sama da ƙaramin gudu. Idan bayan gyaran lodi da sanda da farfela jirgin yana jinkirin hayewa da buhu huɗu ko biyar, ya cancanci a gwada shi, tare da sanin cewa sai an huda farantin, yana iya rage ɗan gudu a sama, kuma a ruwa mai leda ƙarin abin kama shara ne. Ga buhu goma babu abin da zai yi.

Injin doki 60 na wannan jinsi yana kusan kilo 100, wato ƙarin kilo 25 ko fiye a daidai wurin da jirginka ke nutsewa, kuma a buɗe yana shan abin da ya haura lita 25 a awa. Zai ɗaga ƙarin kaya, amma sai allon bayanka da farantin kamfani sun yarda da shi, kuma ba zai rage maka kuɗin mai ba sai in yanzu yawancin tafiyarka a maƙale take da lodin da shi zai iya hayewa da shi. Idan har za ka sauya inji saboda fetur, wanda ya fi cancanta ka duba shi ne mai doki 40 irin wanda ake zuba wa man inji daban kamar na mota. Injinka na yanzu yana zubar da wani kaso na fetur ta hanyar hayaƙi ba tare da ya ƙone ba, abin da kan kai rubu'i a wasu yanayi, kuma asarar ta fi yawa a ƙaramin totur, wato daidai tafiyar sannun da na ce ta fi dacewa da lodinka. Wancan ba ya wannan zubarwa, ba a kuma saya masa man gauraye. Amma ya fi tsada, shi ma nauyinsa ya kusa kilo 100, ba ya jure gurɓataccen fetur, kuma ba kowane bakanike a bakin jeti ke iya taɓa shi ba. Ka yi wata ɗaya kana rubuta litar da kake sha bayan gyare-gyaren nan, ka ɗauki kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin a matsayin abin da sabon injin zai iya rage maka, ka haɗa da kuɗin man gauraye, ka raba cikon kuɗin sayen injin da wannan adadi. Watannin da suka fito su ne za ka yi kafin ya biya kansa, kuma idan sun haura shekara biyu, riƙe Enduro ɗinka ka saya masa farfela mai taku 11.